Abin da Kawu Buba Ya Gani

Nasiru, ƙanin matata, shi ya ci mutuncina, kuma da waya ya ci shi. Ya ɗauke ni bidiyo a wani ɗakin motsa jiki a unguwar Abbasiya ta birnin Alƙahira, ba riga a jikina, ya yanke farkon, ya bar ƙarshen, ya tura gida. Abin da mutanen garinmu suka gani shi ne Hamisu, da furfurarsa a gemu, ya kai wa wata mace duka da sanda, macen ta ƙwace sandar, shi kuma ya faɗi zaune daɓas. Ban ce ba a yi haka ba. An yi. Amma akwai abin da ya faru kafin nan, kuma shi ne abin da ya yanke.

Ni ba mai ilimi ba ne, a aji biyu na sakandare na tsaya. Uwata Bafulatana ce, kuma a hannun yayanta, Kawu Buba, na tashi, a wata ruga gabas da Gumel. Shi ya kai ni sharona na farko. A sharo tuɓe riga ake yi, ka ɗaga hannu, ka riƙe madubi kana kallon fuskarka, wani saurayi ya zuba maka tsumagiya a haƙarƙari da iya ƙarfinsa. Ba a tarewa, ba a kaucewa. In fuskarka ta motsa, ka jawo wa danginka abin faɗa. Tawa ba ta taɓa motsawa ba. Ranar da na dawo da jini a jikina ina dariya, Kawu ya zaunar da ni ya ce abu biyu kawai yake so daga gare ni: kada in guje wa sandar namiji, kada kuma in ɗaga tawa a kan mace. Ba ni da gona, ba ni da shanu, tabban ƙirjina da maganar nan su ne kaɗai abin da na gada.

Da kamfanin da nake gadi a Kano ya rufe, Nasiru ya ce in taho Alƙahira. Shi karatu ya kai shi, ya ajiye karatun, ya koma yi wa marasa lafiyarmu tafinta a asibitoci, yana kama musu gidajen haya a unguwar Faisal. Ya ce akwai aikin ƙarfi. Ai kuwa akwai. Benayen Faisal dogaye ne, lungunan a matse, lif kuma in ya yi aiki yau gobe ya tsaya. Aikina shi ne in goyi mutum, wanda aka yi wa tiyata a gwiwa ko a baya, in hau da shi bene. Na goyi alhazai masu ƙanshin turare, na goyi wani tsohon alƙali da ya yi ta ba ni haƙuri a kunne har muka kai sama. A falon gidan da Nasiru yake nake kwana, a kan kujera, in baƙi sun tashi.

Larabcin garin bai shiga kaina ba. Na taɓa hawa ƙaramar bas ɗin nan tasu ta babban titi, na kasa faɗin inda zan sauka, sai da ta kai ni ƙarshen hanya, direba yana kallona ta madubi yana magana da hannu. Abin da ya fi damuna nono ne. Suna da wani mai kauri a 'yan kofunan roba, sai in saya in marmasa gurasa a ciki, in rufe ido in ci. Ba ya kama da komai na gida.

Mutum ɗaya ne ya sa na san ina da baki a watannin farko, Ammu Usman mai shagon guga a ƙasan benenmu. Bahaushen Sudan ne. Kakansa ya taso aikin hajji a ƙafa ya tsaya a can, shi kuma yaƙi ya koro shi Masar. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, da Larabci a cakuɗe. In ya ga na sauko ina dafe da ƙugu sai ya ce, "Ya zol, bawan Allah, zauna. Bayan nan naka ba na haya ba ne." Ya zuba mini shayi.

Kun san tsakanin mutum da ƙanin matarsa akwai wasa. Nasiru ya riƙe wannan da kyau. In an kawo sabon marar lafiya sai ya nuna ni ya ce, "Ga lif ɗinmu, mijin Yaya. Ba ya cin wuta, sai wake." A yi dariya, ni ma in yi. Haka al'ada take. Tun yana yawo ba wando nake ɗaukar tsokanarsa.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya ce, "Yaya Hamisu, yalla, mu je, yau zan kai ka wurin 'yan uwanka masu sanda. Na ba su labarinka, suna son ganin gwanin sharo." Gaskiya na ji daɗi. Tun zuwana ba wanda ya tambaye ni abin da na iya, sai abin da zan iya ɗauka.

Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Abbasiya. Wurin a ƙasan wani bene yake. Tun daga matakala nake jin ƙarar, ƙas-ƙas-ƙas, kamar mata suna lugude. Da muka shiga na ga yawancinsu mata ne 'yan ƙasar Filifin, masu aikatau a gidajen masu kuɗi, Juma'a ce ranar hutunsu. Akwai samarin Masar kaɗan. Kowa da sanda biyu gajeru, tsawon hannu, na wani irin gora marar rami da suke kira ratan. Sun tsaya bibbiyu suna saƙa sandunan, sama, ƙasa, dama, hagu, har wurin yana ƙauri kamar an ƙona kara.

Malamarsu Madam Lorna. Tsarata ce, kanta bai wuce kafaɗata ba, tabarau na rataye a wuyanta da zare. Raino take yi a wani gida. Nasiru ma ɗalibinta ne, shi ya tsaya yana fassara mana. Ta ce ta ji a ƙasarmu ma akwai wasan sanda, in nuna mata yadda muke yi.

Ni kuwa abu ɗaya na sani. Na tuɓe riga a gaban matan mutane, da shekaruna. Na ɗaga hannu, na gyara tsayuwa, na yi murmushi, na ce a ba wani saurayi sanda ya zuba mini. Ta sa tabarau ta dubi tabban, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce a tambaye ni: duk waɗannan, ina tsaye aka yi mini su? Na ce ƙwarai. Ta ce ban tare ko ɗaya ba? Na ce a wurinmu matsoraci ne ke tarewa. Ta girgiza kai ta ce a nan ba wanda zai doki mutumin da ya tsaya cak. Ta miƙo mini sanda ta ce in ni ne, in kawo mata duka.

Na ce a'a. Na mayar da sandar. Ta sake miƙowa tana dariya, na sa hannuwana a baya, na ce wa Nasiru ya gaya mata ba na ɗaga sanda a kan mace. Wannan shi ne wurin da ya yanke.

Nasiru ya matso ya ce da Hausa, "Haba Yaya, kada ka ba ni kunya. Wasa ne. Taɓa ta kawai za ka yi. Ko tsoronta kake ji? In gaya wa Yaya Hajara mijinta ya tsorata da mai raino?"

Na karɓa. Na kai a hankali, kamar mai korar kaza. Ta matsa gefe, ta ɗan ƙwanƙwasa mini yatsu, sanda ta faɗi. 'Yan matan suka yi dariya. Na ɗauka na ƙara kaiwa, ta sake yar mini da ita. Wani saurayi ya tafa. A karo na uku zuciya ta ɗebe ni, na kai da gaske, da kafaɗa da ƙugu, yadda ake kaiwa a fage. Ban same ta a wurin ba. Na ji zafi a wuyan hannu, na ji an murɗe, sai ga sandata a hannunta, ƙafata ta tafi, na ji ni a ƙasa. Ita ta ba ni hannu na tashi. Na sa rigata a bai-bai, sai a jirgi na lura.

Ban san Nasiru yana ɗauka ba. Kwana kaɗan bayan haka ina shagon Ammu Usman wayata ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Nasiru ya tura wa 'yan gidansu, ya sa kiɗa a kai, ya rubuta cewa gwanin sharo ya gamu da gamonsa. Daga can ya bazu. Wani da muka yi sharo da shi muna samari, wanda na sa ya zubar da hawaye a gaban 'yan mata, ya aiko mini da murya, dariya kawai yake yi. Hajara ta daina zuwa ɗibar ruwa, sai ta aika.

Duk wannan da sauƙi. Sai Kawu ya sa aka kira ni. Ya tsufa, ba ya fita, wani ne ya kai masa wayar har shimfiɗa ya nuna masa.

Ya ce, "Hamisu, kai ne?"

Na ce, "Ni ne, Kawu."

"Faɗuwar ba ta dame ni ba. Bijimi ma yana zamewa. Hannun nan da ka ɗaga, naka ne?"

Na ce, "Kawu, an yanke ne. Sau biyu ina ƙi."

Ya ce, "Na ga fuskarka. Fuskar mai son ya ji wa mutum ciwo ce." Ya miƙa wa mai wayar.

Na hau sama na sami Nasiru yana cin abinci. Na ce ya ba ni cikakken bidiyon in tura wa Kawu. Ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri Yaya, na goge, waya ta cika. Kai ma dai, abin dariya ne fa." Na kira Hajara ina huci. Ta yi kuka ta ce, "Ƙanina ne, kuma abokin wasanka ne. In ka yi fushi cewa za a yi ba ka san wasa ba, kunyar ta zama biyu." Gaskiya ta faɗa. A garinmu wanda ya yi fushi da abokin wasa shi ake zagi. Na haɗiye. Na kwashe kayana na koma bayan shagon Ammu Usman, ina taya shi guga. Na daina goyon kowa.

Shi Ammu Usman ne ya ce in koma wurin matar. Ya ce, "Ka kai mata duka da gaske, ka ba ta haƙuri da gaske." Ya rufe shago ya raka ni, don ya yi mini tafinta.

Da ta ji labarin bidiyon, fuskarta ta canza. Ashe doka ce a wurin ba a ɗaukar hoto, don wasu matan iyayen gidansu ba su san suna zuwa ba, wasu kuma zamansu a ƙasar bai daidaita ba. Ta ce Nasiru kada ya ƙara tako wurin. Haƙurin da na ba ta kuwa, ta ɗaga hannu ta ce khalas, wato ya wuce, ita ta ce in kawo, kuma duka na ukun ne kaɗai ya yi kama da duka. Sannan ta ce in ina so in riƙa zuwa. Ban san abin da ya sa na ce to ba. Wataƙila don ba ni da wurin zuwa ranar Juma'a.

Ta ce wasan sunansa da yawa, wasu su ce arnis, wasu eskrima, wasu kali, kowane tsibiri da salonsa. Akwai masu yi daga nesa, suna sarar hannun abokin faɗa kafin ya iso. Nata na mahaifinta ne, na kusa, inda za ka ji numfashin mutum. Ta fara koya mini kusurwoyin duka, kowace da lambarta, daga gefen kai har gwiwa, da suka a ciki. Wannan bai ba ni wuya ba, hannuna ya san sanda. Saƙar sanda biyu ta ruɗa ni, na yi ta dukan yatsuna, wata 'yar siririya mai suna Jen tana ƙirga mini da haƙuri. Hannun da ba ya riƙe da komai ma aiki yake yi, shi ke dafe hannun abokin faɗa, shi ke ƙwacewa. A nan na gane yadda aka yi mini.

Inda na sha wuya shi ne ƙafa. Ta manna tef a ƙasa, kusurwa uku, ta ce a ƙauyensu a kan ɓawon kwakwa ake koya. In duka ya taho, ka taka gefe, ka bar shi ya wuce. Kaina ya gane, jikina ya ƙi. Da na ga sanda ta taho sai ƙirjina ya buɗe da kansa, ƙafafuna su kafe, har murmushin ya zo. Matan su tsaya suna kallona. Wata rana ta gaji, ta je jakarta ta fito da wata adda ta koyo marar kaifi, ta ɗora ta a kan babban tabon haƙarƙarina. Ta yi magana da Larabcinta na kasuwa, wanda a lokacin na fara tsinta. Ta ce a wurinku sanda sanda ce. A wurinmu addar nan take wakilta. Wanda ya tsaya, binne shi ake yi.

Na daɗe kafin ƙafata ta yarda. Ranar da ta fara takawa gefe da kanta, sanda ta wuce ta gaban hancina, matan suka tafa. Ni kuwa kunya ce ta kama ni, na ji kamar na saci wani abu a gidan Kawu.

Na taɓa ba Madam Lorna labarinsa, da abin da ya ce. Mako na gaba ta ce in kawo wayata. Ita da ba ta yarda da hoto ba, ta yarda a ɗauki muryarta. Ta ce wa Kawu ita ce matar, ta ce na ƙi har sau biyu, na sa hannuwana a baya, ita da ƙanin matata suka matsa mini. Ammu Usman ya bi bayanta da Hausa, a hankali, yadda tsoho zai ji. Na tura. Wanda ya kunna masa ya ce Kawu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Matar kirki ce, tana rufa masa asiri. Amma ni na gani da idona."

Bai ƙara karɓar wayata ba. Bayan ƙaramar salla ya rasu. Ina tsaye ina guge wandon wani Hajara ta kira ta gaya mini. Na ajiye dutsen guga a kan wandon har ya ƙone. Ammu Usman ya ja ƙofar shagon ya rufe.

Washegari da la'asar Nasiru ya tara mutanenmu a gidan Faisal don a yi addu'a. Ɗalibai suka zo, da wani direban ofishin jakadanci, da marasa lafiya biyu da na taɓa goyo. Shi ke raba dabino, shi ke karɓar gaisuwa, kamar kawunsa ne. Na zauna na amsa wa kowa. Da aka shafa aka watse, na ɗauki jakata na fita. Ya biyo ni matakala. Sandunana biyu suna leƙowa daga jakar, na ga ya kalle su ya tsaya nesa kaɗan.

Ya ce, "Yaya, Allah ya jiƙan Kawu. Ka dawo gida mana, aiki ya taru, lif ɗinmu ya yi yaji." Ya yi 'yar dariya. Da ya ga ban yi ba sai ya ce, "Wai har yanzu maganar nan ce? Wallahi wasa ne. Ni da kai fa."

Na ajiye jakar a ƙasa don kada ya zaci wani abu. Na hau mataki ɗaya har muka yi daidai.

Na ce, "Nasiru, ba zan taɓa ka ba, kwantar da hankalinka. Duka na ukun da na kai wa matar nan, nawa ne, zan je da shi gaban Allah. Amma biyun da na ƙi, su ma nawa ne, kuma su kaɗai nake da su da zan nuna wa tsohon nan. Ka goge su don wayarka ta cika. Ya shiga kabari bai gan su ba. Tun kana yaro nake tsaye maka, hannu a sama, kana zubawa ina murmushi, don an ce wasa ne. Yanzu na koyi matsawa gefe. Daga yau babu wasa tsakanina da kai. Yayarka matata ce, wannan ba zai canza ba. Kai kuwa in mun haɗu ka gaishe ni kamar baƙo, zan amsa. In kuma a garin nan ajalina yake, Ammu Usman zai yi mini wanka. Kada ka sa hannu a gawata, kada kuma ka ɗauke ta hoto."